Darasin Kimiyya: Mil Dubu a Kan Babur Cikin Kwana Ɗaya

Ɗalibai, kowa ya fito da littafinsa da biro, domin darasin yau da lissafi za mu yi shi. Za mu ɗauki tafiya guda ɗaya, mu bi ta daga farko har ƙarshe, mu ga yadda dokokin motsi da na zafi da na jikin ɗan'adam suke haɗuwa a kan mutum ɗaya da ke zaune bisa babur.

A Amurka akwai ƙungiyar masu doguwar tafiya a babur mai suna Iron Butt Association. Babbar gasarta, wadda aka fara a 1984, kwana goma sha ɗaya ake yi ana tafiya. Amma yawancin 'ya'yan ƙungiyar sun shigo ne ta wata tafiya da ake kira SaddleSore 1000: mutum ya ci mil 1,000 a kan babur cikin ƙasa da awa 24, sannan ya kawo hujjar da za ta gamsar da wanda bai gan shi ba. Mil 1,000 kilomita 1,609 ke nan, kusan nisan Kano zuwa Legas sau ɗaya da rabi. Ba tsere ba ne. Wanda ya gama a awa 17 da wanda ya gama a awa 23, takardar shaida iri ɗaya ake ba su.

Hanyar da za mu bi ita ce daga birnin Denba na jihar Kolorado zuwa Los Anjelis ta Kalifoniya. Ana hawa babbar hanya mai lamba 70 a nufi yamma, a tsakiyar jihar Yuta a koma ta 15, a gangara kudu maso yamma ta Las Begas. Tsawonta wajen kilomita 1,640 ne. Na zaɓe ta domin a yini ɗaya tana kai mahayi ƙololuwar dutse mai sanyi, ta ratsa da shi dajin da babu gidan mai, ta sauke shi cikin hamada, kuma ta sauya masa agogo a hanya.

Lissafin lokaci

Matsakaicin gudu shi ne nisa a raba da lokaci. Ku raba 1,609 da 24. Za ku samu kilomita 67 a awa. Babur ɗin ɗan acaɓa ma yana yin wannan gudun a kan kwalta mai kyau. To ina wahalar take? Tana nan ne: idan mahayi ya tsaya, agogo ba ya tsayawa tare da shi. Shan mai, kewayawa, cin abinci, cunkoso, wurin da ake gyaran hanya, duk daga cikin awa 24 ɗin ake yanko su. Saboda haka gudu biyu ne a wannan tafiya. Akwai wanda allurar mita ke nunawa lokacin da taya ke juyawa, akwai kuma na tafiyar baki ɗaya, wanda ya haɗa har da zama.

Ku ja layi a tsakiyar shafi. A hagu ku sa mahayi na farko. Yana tafiya a kilomita 110 a awa, ya tsaya sau bakwai, kowace tsayawa minti goma. Ku raba 1,640 da 110, za ku samu awa 14 da minti 55. Ku ƙara minti 70 na tsayawa. Jimla awa 16 da minti 5.

A dama ku sa na biyu. Shi mai son wuta ne, kilomita 130 a awa yake yi. Tafiyarsa awa 12 da minti 37. Amma duk inda ya tsaya sai ya tuɓe hular kwano da safar hannu, ya shiga kanti, ya duba waya, ya miƙe ƙafa, minti talatin sun tafi. Sau bakwai, awa uku da rabi ke nan. Jimla awa 16 da minti 7.

Kun ga abin da ya fito. Kusan tare suka isa, na farko ma ya riga da minti biyu. Sauri ya haifi nawa. Wannan shi ne tushen darasinmu, kuma duk sauran sassan za su nuna muku farashin da mahayi na biyu ya biya a banza.

Farashi na farko yana wajen birki. Kilomita 110 a awa mita 30.6 ne a kowane sakan, 130 kuma mita 36.1. Mu ɗauka daga ganin haɗari zuwa matsa birki mutum yana cin sakan ɗaya da rabi: na farko ya wuce mita 46 kafin ya taɓa komai, na biyu mita 54. Sannan birki ya kama. Ƙarfin motsin da birki zai kashe yana tafiya ne da gudu sau kansa, wato idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. A busasshiyar kwalta, idan birki yana rage mita bakwai a sakan cikin kowane sakan, na farko yana buƙatar mita 67, na biyu mita 93. Ku haɗa: mita 113 da mita 147. A daidai wurin da na farko ya tsaya cak, na biyu yana nan yana gudu. Ga kuma doka: a Kalifoniya iyakar gudu ba ta wuce mil 70 a awa, wato kilomita 113, sai a wasu sassan Yuta ne take kai mil 80.

Iska da mai

Idan babur yana gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yawancin man da yake ƙonawa wajen ture iska yake tafiya. Iska tana da nauyi. Kowace mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi ta iska tana kai kilo 1.2 a bakin teku. Mahayi da baburinsa sai sun kawar da wannan iskar daga gabansu kowane sakan. Turjiyarta ma da gudu sau kansa take tafiya. Ku raba 130 da 110, ku ninka amsar da kanta: 1.4. Ƙarin gudu na kashi 18 cikin ɗari ya jawo ƙarin turjiya na kashi 40. Ƙarfin da inji zai fitar a kowane sakan kuwa ya fi haka hawa, domin turjiyar ake sake ninkawa da gudun: kashi 65 cikin ɗari.

Abin da ake lissafi da shi kuma gudun babur ne a cikin iska, ba a kan kwalta ba. Wanda ke yin 110 iska mai gudun 30 tana buso shi ta gaba, a wajen inji kamar 140 yake yi, turjiya ta ƙaru da kashi 62 cikin ɗari alhali mita ba ta nuna wani canji ba.

Yanzu mu sa wannan a kan taswira. A ce baburinmu yana da tanki mai cin lita 18, kuma lita ɗaya tana kai shi kilomita 20 idan iska na kwance. Cikakken tanki kilomita 360 ke nan. Mai hankali yana ajiye kashi ɗaya cikin biyar bai taɓa ba, ya tsara tafiyarsa a kan kilomita 290. Da wannan ma'auni wuraren shan mai suna fitowa da kansu: Glenwood Springs, Grand Junction, Green River, Salina, Cedar City, Las Begas, Barstow. Bakwai ɗin da muka yi lissafi da su ke nan.

Ku sa yatsa a kan Green River. Daga wannan ƙaramin gari zuwa Salina akwai wajen kilomita 170 na duwatsu da kwazazzabai, ba gidan mai, ba kanti, ba gari, kuma an kafa alluna a bakin hanya suna gargaɗin haka. Mahayin da ya cika tanki a Grand Junction zai iso Green River bayan kimanin kilomita 165, ya ga allurar mai ba ta ma sauka zuwa rabi ba. Zuciya za ta raya masa ya wuce: 165 da 170 ai 335 ne, tanki kuma yana kai 360. Lissafinsa daidai ne, amma na ranar da babu iska ne kuma babu hawa. Idan iskar gaba da hawan tudu suka sauko da shi zuwa kilomita 17 a lita, tankin kilomita 306 kawai zai kai, inji ya mutu saura wajen kilomita talatin ya shiga Salina. Minti goma ya so ya tsira da su, ga shi yana tsaye a gefen hanya da babur mai nauyin fiye da kilo 200. Shi ya sa ake rubuta wuraren shan mai tun a gida, a manna takardar a kan tanki, kada a bar wa gajiyayyar ƙwaƙwalwa yanke wannan hukunci a hanya.

Gyaran babur ba zan daɗe a kansa ba. A auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi, domin iskar da ke rufe a ciki matsinta yana hawa idan ta ɗumama. A duba sarƙa da man inji da fitilu. Kuma duk gyaran da za a yi, a yi shi kwanaki kafin tafiya a gwada, kada a saka sabon abu daren jajibiri.

Daga sanyin dutse zuwa zafin hamada

Denba tana bisa tudu, mita 1,609 sama da teku. Cikin awa ɗaya da tashi, hanya ta hau har ramin Eisenhower da aka huda cikin duwatsun Roki, a tsayin mita 3,400. A matsakaici, duk kilomita ɗaya da aka hau zafin iska yana raguwa da digiri 6.5. Hawan kilomita 1.8 zai cire kusan digiri 12. Wanda ya bar Denba da asuba a digiri 16 zai iya tarar da digiri 4 a bakin ramin, ko da a tsakiyar watan Yuli ne.

Jiki yana riƙe da wata siririyar iska mai ɗumi a kan fata. Gudun babur yana share ta nan take, jiki ya sake ɗumama wata, a sake sharewa. Da jiki ya ga yana asara sai ya tsuke jijiyoyin jinin hannu da ƙafa domin ya kare ƙirji da kai. Yatsu su sandare, kuma da yatsun nan ake matsa birki da kuloci. Maganin shi ne sutura hawa-hawa, ta waje wadda iska ba ta ratsawa, a riƙa cirewa yayin da ake gangarowa. A wannan tsayi matsin iska kusan kashi biyu cikin uku ne na bakin teku, don haka inji yana shaƙar iska kaɗan, ƙarfinsa ya ragu da kusan sulusi. Mai son wuce tirela a kan hawa ya san da wannan.

Da yamma labari ya juye. Las Begas a watan Yuli tana haura digiri 40, irin zafin da mutanen Sakkwato da Maiduguri suka sani a bazara. A nan akwai abin da nake so ku fahimta sosai, domin ya saɓa wa abin da mutum ke zato. Zafi kullum daga abu mai zafi yake kwarara zuwa mai sanyi. Fatar mutum tana wajen digiri 33 zuwa 34. Muddin iska ba ta kai haka ba, busawarta tana sanyaya jiki. Da ta wuce digiri 35, sai ta koma zuba wa jiki zafi, kuma iya gudun babur iya yawan zafin da take zubawa. Wanda ya tuɓe riga a digiri 43 don ya sha iska ya ƙara wa kansa wuta ne.

Abu ɗaya ya rage wa jiki, shi ne gumi. Kun san yadda randa take sanyaya ruwa: ruwa yana tsattsafowa ta jikin ƙasar, ya bushe, bushewar ta tafi da zafi. Haka fata take yi. Lita ɗaya ta gumi idan ta bushe a kan fata tana ɗauke zafi kimanin kilojul 2,400. Amma iska mai zafi da gudu tana kwashe gumin da sauri har mutum bai san yana yi ba, rigarsa a bushe, alhali yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a awa. Idan ruwan da ya fita ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki, wato lita 1.4 ga mai kilo 70, hankali ya fara raguwa, ga ciwon kai. Don haka ƙwararru suke rufe jiki ruf, su jiƙa rigar ciki, su bar ƙofar iska kaɗan domin bushewar ta tafi a hankali. Suna goya jakar ruwa mai bututu suna kurɓa suna tafiya, suna haɗawa da abu mai ɗan gishiri, domin gumi da gishiri yake fita, kuma ɗura ruwa zalla da yawa yana iya tsinka gishirin jini har ya zama wata cutar. Launin fitsari a kowace tsayawa shi ne ma'aunin da ba ya buƙatar na'ura: idan ya yi duhu, ruwa ya yi ƙasa.

Kunne ma yana shan wahala. Ƙarar iska cikin hular kwano a gudun babbar hanya tana kaiwa desibel 95 zuwa 100. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce awa takwas a desibel 85, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti goma sha biyar ya rage. Mahayinmu awa goma sha biyar zai yi a ciki. 'Yar robar toshe kunne ba ta da tsada, jin da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Barci

Duk abin da muka lissafa ana iya sayen maganinsa, ban da wannan. Abu biyu ne suke jawo barci. Na farko wani sinadari ne mai suna adenosin, wanda yake taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya farka, kuma barci ne kaɗai yake share shi. Na biyu agogon jiki ne, wanda yake sauke kuzari sau biyu a kwana: saukar mai zurfi tsakanin ƙarfe biyu na dare da asuba, da wata 'yar ƙarama bayan azahar. Idan biyun suka haɗu, wato mutum ya daɗe bai yi barci ba kuma tsakar dare ta riske shi a hanya, nan ne haɗari ya fi yawa.

A 1997 wasu masana biyu a Ostireliya, Dawson da Reid, sun wallafa bincike a mujallar Nature inda suka gwada saurin hannu da ido na waɗanda aka hana barci da na waɗanda suka sha giya. Sun samu cewa awa 17 ba barci tana rage ƙwazo daidai da giya kashi 0.05 cikin ɗari a jini, awa 24 kuma daidai da kashi 0.10. A jihar Yuta, wadda hanyarmu ta ratsa, 0.05 ɗin nan ita ce iyakar da doka ta haramta tuƙi da ita. Ku lura kuma, ana ƙirga awannin ne daga lokacin farkawa, ba daga lokacin tada inji ba. Wanda ya tashi ƙarfe uku ya tada babur ƙarfe huɗu, da ƙarfe takwas na dare agogon Denba ya cika awa 17.

Ƙwaƙwalwar da ta gaji tana ɗauke wuta na 'yan sakanni, ido a buɗe, mai ita bai sani ba. Ku ninka mita 30.6 da sakan huɗu: mita 122 babur ya yi ba mai tuƙi. Alamun suna zuwa tun kafin nan. Mutum ya kasa tuna kilomitocin da ya wuce yanzu, gudunsa ya riƙa hawa da sauka ba dalili, ya manta bai kashe sigina ba, ya tsaya yana jinkirin yanke shawara a kan ƙaramin abu. Kafeyin da ke cikin kofi da shayi da goro ba ya cire adenosin. Yana toshe wurin da adenosin yake kamawa ne na ɗan lokaci, sinadarin kuma yana ci gaba da taruwa a baya. Ƙwayoyin da wasu direbobi ke haɗiya don su kwana suna tuƙi sun fi wannan muni, domin suna ɗauke jin gajiyar su bar gajiyar. Ina roƙonku, duk wanda ya girma ya riƙe sitiyari ko kan babur, kada ya kusance su. Maganin gyangyaɗi shi ne a sauka daga hanya a kwanta minti ashirin. Ku koma lissafinmu na farko: mahayin da ya tsare tsayawarsa yana da rarar kusan awa takwas. Barcin nan ne amfanin rarar.

Aunawa da kafa shaida

Mun iso sashen da ya mayar da wannan tafiya darasin kimiyya. Mutum ya ce ya yi mil 1,000 cikin awa 24. Masu tantancewa ba su gan shi ba. Me zai sa su yarda? Tambayar da ake yi wa duk mai bincike ke nan idan ya fito daga ɗakin gwaji da sakamako.

Za ku ce a duba mitar da ke ƙirga nisa a kan babur. To, wannan mita ba nisa take aunawa ba; juyin taya take ƙirgawa, ta ninka da kewayen da aka saita mata a masana'anta. Tayar baya ta babban babur faɗinta daga gefe zuwa gefe wajen milimita 630 ne, kewayenta kusan mita biyu, za ta juya wajen sau 830,000 a wannan tafiya. Idan ta cinye da milimita biyar, faɗin ya ragu da goma, kewaye ya ragu da kashi 1.6 cikin ɗari. Taya tana ƙara juyi a kan nisa ɗaya, mita tana ƙara lamba. A kilomita 1,609 wannan ya kai kilomita 26 na ƙarya. Mitoci da yawa kuma tun suna sababbi sukan ɗan zarce gaskiya. Idan mita tana ƙari da kashi uku cikin ɗari, lokacin da ta nuna 1,609 ainihin abin da aka ci 1,562 ne, saura kilomita 47. Wannan shi ne kuskure mai karkata gefe ɗaya: ko sau goma ka maimaita awon, gefe ɗaya zai faɗa, maimaitawa ba ta gyara shi. Sai an kawo wani ma'auni dabam wanda ba ruwansa da taya.

Na'urar GPS tana ɗaya daga ciki. Taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kilomita 20,200 suna aiko da saƙo ɗauke da lokacin da ya tashi. Na'ura tana auna jinkirin isowarsa daga aƙalla taurari huɗu, ta fitar da inda take. Saƙon yana gudun haske, kilomita 300,000 a sakan, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ya zama mita 300 a ƙasa. Abin da ya sa taurarin ke ɗauke da agogon atam ke nan. Ita ma tana da nata rauni. Tana ɗiga wuri bayan wuri ta haɗa su da miƙaƙƙen layi, sai ta gajarta kwana. A cikin ramin Eisenhower, mai tsawon kilomita 2.7, saƙon yana yankewa gaba ɗaya.

Shi ya sa ƙashin bayan hujjar ya zama rasit ɗin gidan mai. Takarda ce da na'urar wani ta buga, wanda ba shi da riba ko asara a cikin tafiyar, ɗauke da kwanan wata da lokaci da sunan gari. Rasit na farko shi ne yake tada agogo, na ƙarshe ya tsayar da shi. Na tsakiya suna kafa mahayi a wurare sanannu a lokuta sanannu, musamman inda hanya ta yi kwana, domin kada a ce ya yanke. Masu tantancewa sai su auna tazarar garuruwan a taswira, su raba da lokacin da ke tsakanin rasit da rasit. Idan lissafin ya nuna gudun ganganci, shi ma ya fito fili, ƙungiyar kuma ta bayyana cewa ba ta lamunta da shi.

Ga yadda tsayawar minti goma take a Green River. Mahayi ya tsaya a bakin famfo, bai cire hula ba. Ya sa kati, ya cika tanki, ya jira takarda ta fito. Kafin ya motsa ya duba abu uku a jikinta: kwanan wata, lokaci, gari. Idan ɗaya babu, ko agogon famfon ya kauce, ya shiga ciki ya karɓi wata. Ya rubuta lambar mita a kan takardar, ya kara ta kusa da mitar ya ɗauki hoton su biyun tare. Ya shigar da lambobin a ɗan littafinsa, ya sa takardar cikin leda mai zif, a aljihu ɗaya da ba ya canzawa. Irin takardar nan ce ta masu POS, da zafi ake rubutu a kanta ba da tawada ba, don haka idan aka bar ta a rana ko kusa da inji sai ta yi baƙi ko ta goge. Hoton shi ne madadinta. Ya cika jakar ruwa, ya zagaya babur sau ɗaya yana duban taya da sarƙa, ya hau. Tsari ɗaya, jeri ɗaya, sau bakwai, domin a awa ta goma sha biyar hannu ne zai tuna abin da kai ya manta.

Tarko na ƙarshe agogo ne. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa. Denba tana kan digiri 105 yamma, Los Anjelis a kan 118, saboda haka agogon jihohin Nebada da Kalifoniya yana bayan na Kolorado da Yuta da awa ɗaya. Kowane rasit da lokacin garinsa yake fitowa. Wanda ya tashi ƙarfe 4:00 na asuba a Denba, wa'adinsa yana cika ƙarfe 3:00 na dare agogon Los Anjelis. Idan ya ga 3:30 a takardarsa ta ƙarshe ya yi murna cewa saura rabin awa, ya riga ya makara da rabin awa. Ana kauce wa wannan ta hanyar barin agogo ɗaya a kan lokacin garin da aka tashi har a gama. Tafiya yamma tana ƙara wa mahayi kusan awa ɗaya ta hasken rana, amma tana sa masa ranar a ido da la'asar.

Ban kawo wannan darasi don wani ya gwada irinsa a hanyoyinmu ba. Lissafin kilomita 110 a awa an gina shi ne a kan hanya mai raba hannu, ba rami, ba shingen bincike, ba shanu masu tsallakawa, kuma wadda ake iya bi da dare. Inda babu waɗannan, matsakaicin 67 ma ba ya samuwa sai da sayar da rai. Amma dokar birki da ta gumi da ta barci ɗaya ce a kan duk wanda ya ɗaure kaya a bayan babur zai yi yini a hanya.

Aikin gida

Na ɗaya: mahayi ya karɓi rasit na farko a Denba ƙarfe 4:00 na asuba, na ƙarshe a Los Anjelis ya nuna 9:40 na dare. Awa nawa ya yi, kuma mene ne matsakaicin gudunsa a kan kilomita 1,640?

Na biyu: tanki mai lita 15, lita tana kai kilomita 24, iskar gaba ta rage wannan da kashi ɗaya cikin huɗu. Daga Grand Junction, a kilomita ta nawa mai zai ƙare, kuma kilomita nawa ya rage zuwa Salina?

Na uku da hannu za ku yi shi. Ku nemi izinin mai babur ko keke a gidanku, inji a kashe. Ku sa alamar alli a jikin tayar baya da kuma ƙasa, ku tura har taya ta juya sau goma, ku auna nisan da tef, ku raba da goma. Ku maimaita da mutum zaune a kai, sannan ku sake bayan an ɗan rage iskar tayar, ku kuma tabbata an mayar da iskar kafin a hau. Ku kawo lambobin uku ranar Litinin, kowa da lissafin kilomita nawa bambancin zai zama a tafiyar kilomita 1,609.